Ƙwarangwal, Mayen Kushewa ko Barden Mutuwa: Wanne Za Ka Tura wa 'Yan Wasanka?

Makon jiya ƙanena ya turo min saƙo da tsakar dare. Karon farko ke nan da zai ja ragamar wasan Dungeons & Dragons. Ya zana taswirar wani tsohon sansanin yaƙi da ƙasa ta binne da sojojinsa, abokansa huɗu sun gama tsara jarumansu, shi kuwa ya rasa abin da zai zuba musu a cikin ramin. Ya ce, "Yaya, matattun mayaƙan nan sun yi yawa a littafin. Wanne ya fi ƙarfi in ɗauka?" Na ce masa ya je ya kwanta, da safe ma yi magana, domin in ya bi ta ƙarfi, kafin a sha shayi zagaye na biyu ya kashe abokan nasa duka, kuma ba wanda zai sake zuwa gidansa wasa.

Ga wanda bai saba ba: wasan nan tatsuniya ce da ake yi da baki da yawa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. Mutum ɗaya, jagora, shi ke bayyana duniya da dodanninta, sauran kuma kowa na riƙe da jarumi ɗaya yana faɗin abin da zai yi. In an zo wurin da sa'a za ta raba gardama, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, sai dai wannan fuskarta ashirin. Alƙaluman da zan kawo duk daga littafin dodanni na bugu na biyar ne, Monster Manual na 2014. An sake fitar da sabo a 2025 kuma an taɓa wasu lambobin, don haka mai riƙe da sabon ya duba nasa. Lambobi uku ne za su yi ta dawowa: makin rai, wato dukan da dodo zai sha kafin ya faɗi, makin kariya, wato adadin da sai jifanka ya kai kafin makaminka ya same shi, sai ma'aunin haɗari, wanda ke nuna matakin ƙwarewar jaruman da suka dace su tunkare shi.

Abin da na gaya wa ƙanena da safen shi ne ya ajiye lambobin tukuna, ya tambayi kansa abu ɗaya: cikin mutumin da ya mutu, me ya rage a gawar? A wani ba abin da ya rage sai ƙashi da umarni. A wani yunwa da wayo sun rage. A wani fushi ne kaɗai. A wani kuwa komai na nan, har da kunyar abin da ya aikata. Wannan ragowar ita ke yanke irin daren da za a yi a teburinka, ko na sara da suka ne, ko na tsoro, ko na gardama tsakanin 'yan wasa har a manta da ƙwaya.

Ƙwarangwal da zombi

Waɗannan biyun su ne talakawan rundunar, kuma ma'aunin haɗarinsu iri ɗaya ne, rubu'i. Saboda haka sabbin jagorori kan ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Ƙwarangwal yana da makin rai 13 da kariya 13. Yana tafiyar ƙafa 30 kamar lafiyayyen mutum, yana riƙe gajeren takobi, kuma, abin da ake yawan mantawa, yana harbi da baka har nisan ƙafa 80 ba tare da hannunsa ya raunana ba. Yana jin harshen da ya sani a rayuwa amma ba ya magana. Shi soja ne na gaske: ka jera guda huɗu a kan katanga da baka, biyu a bakin ƙofa da takobi, ka samu faɗa mai tsari. Lagonsa a fili yake. Duk makamin da ke daka, kulki ko guduma ko gora, ninki biyu yake yi masa. Ina son wannan lagon domin yana koya wa sabon ɗan wasa darasin farko ba tare da an yi masa lacca ba. Ranar da mai takobi ya ga firist ɗin ƙungiya, wanda kowa ke rainawa, ya watsa ƙwarangwal da bugu ɗaya na kulki, daga ranar zai fara tambayar "da me aka yi abin nan?" kafin ya kai sara.

Zombi kuwa ba soja ba ne, katanga ce mai tafiya. Kariyarsa 8, kusan duk wanda ya kai masa hannu zai same shi. Tafiyarsa ƙafa 20, ba ya harbi, ba ya dabara. Makin ransa 22, sannan yana da wata baiwa guda da ke sa a tsane shi: in an kai shi ƙasa, sai ya yi jifan tsira, ana ƙara 5 a kan dukan da ya sha, in ya kai adadin sai ya miƙe da maki ɗaya. Lissafa ka gani. Yana da ƙarin 3 a jifan. In bugun ƙarshe maki 6 ne, 11 ake nema, wato 8 ko sama a ƙwaya, sau 13 cikin 20 zai tashi. In bugun 15 ne, sau 4 kacal cikin 20. Hasken tsarki ko sara mai sa'a, wato ranar da ƙwaya ta ba ka 20, su ne ke kwantar da shi ba gardama.

Na taɓa ganin abin da wannan ke yi wa tebur. Wata ƙanwar matata ce ke riƙe da ɓarauniya mai wuƙa, an rage zombi ɗaya tak a wani lungu, sauran duk an gama da su. Ta soke shi, maki 4, ya tashi. Ta sake, ya tashi. A karo na uku aka yi dariya. A na biyar ba mai dariya, ɗaya ya ɗauki wayarsa yana duba sakamakon ƙwallo, ita kuma ta ture ƙwayar ta ce, "Yaya, don Allah ka bar shi ya mutu mana, shayina ya huce." Tun daga ranar ba na sa zombi fiye da uku a faɗa ɗaya, kuma in ya tashi sau biyu, na ukun ba na jefa masa ƙwaya. Tashin farko tsoro ne, na huɗu aikin gajiya.

To wanne? In kana son faɗan da za a motsa, a ɓuya, a yi tunanin wuri, ƙwarangwal. In kana son a toshe hanya, ko a matsa wa jarumai lamba suna ƙoƙarin buɗe ƙofa a bayansu, zombi. Ga wurin da aka binne runduna kamar na ƙanena, ƙwarangwal ya fi dacewa nesa ba kusa ba, domin yana iya tsayawa a sahu.

Sai dai ka san ranar ƙarewar amfaninsu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma har zuwa mataki na 4 ne. A mataki na 5 matsafi na samun ƙwallon wuta, ƙwaya takwas masu fuska shida, matsakaicinta 28, kuma ko ƙwarangwal ya kauce rabin zai sha, 14, wanda ya riga ya wuce ransa. A wannan matakin ne kuma korar matattu ta firist ke sauyawa: da can gudu take sa su na minti ɗaya, yanzu duk mai ma'aunin rabi ko ƙasa da haka in ya faɗi jifan tsira toka yake zama. Ka kwana kana jera ƙwarangwal goma sha biyu, a share su kafin ka gyara zama. Ba laifi ba ne, 'yan wasa na jin daɗin hakan ƙwarai, amma ka san kyauta ka ba su, ba barazana ba.

Mayen kushewa

Littafin ya kira shi Wight. A teburinmu mayen kushewa muke ce masa, domin aikinsa ke nan, kama kurwa. Kuma in za a ce in zaɓi guda ɗaya tak cikin jerin nan in bar sauran, shi zan ɗauka.

Asalinsa tsoho ne. A labaran mutanen Aisland na da akwai matattun da ke zaune cikin tudun kabarinsu suna gadin dukiyar da aka binne su da ita, jikinsu na nan, ƙarfinsu ya ƙaru, duk wanda ya fasa kabarin sai ya yi kokawa da su. Marubucin Birtaniya Tolkien ya ɗauko irin wannan ya sa a labarinsa na 1954, daga can kuma wasan ya gada tun bugun farko. A tsofaffin bugun abin tsoro ne na gaske: taɓawa ɗaya ya zare maka mataki guda cur, wato wahalar makonni ta tafi a banza. Tsofaffin 'yan wasa har yau in an ambace shi sai sun gyara zama. Bugu na biyar ya sassauta, kuma a ganina ya kyauta, domin wancan hukuncin ɗan wasa yake ci, ba jaruminsa ba.

Yanzu ga yadda yake. Ma'auni 3, rai 45, kariya 14. Yana sara biyu da dogon takobi ko harbi biyu da dogon baka. Yana iya musanya sara ɗaya da zuƙar rai: in ta same ka kuma ka faɗi jifan tsira na 13, ba makin ranka kaɗai ke raguwa ba, iyakarsa ma ke sauka, magani ba ya mayar da ita sai ka yi dogon hutu. Makamin da ba na tsafi ba kuma ba a shafa masa azurfa ba rabin aiki yake yi a jikinsa, don haka ga ƙungiyar da ba ta da irin waɗannan makamai, 45 ɗin nan kamar 90 ne. Shafa wa takobi azurfa zinare 100 ne a littafin 'yan wasa, kuɗin da jarumin mataki na 2 zai ji a jikinsa. Lagonsa rana: a cikin haskenta ƙwaya biyu yake jefawa a ɗauki ƙarama.

Duk wannan lissafi ne. Abin da ya ɗaga shi sama da sauran abu biyu ne. Na farko, yana da hankali irin na mutum kuma yana magana. Yana tuna cewa shi sarkin yaƙi ne, ya san kwanton ɓauna, ya san ja da baya, ya san wanda ya kamata a fara kashewa shi ne mai warkar da sauran. Na biyu, duk mutumin da ya kashe da zuƙar rai, bayan awa 24 zai tashi zombi a ƙarƙashinsa, har guda goma sha biyu. Ka lura da abin da wannan doka ɗaya ta ba ka: agogo. Kowane dare da jarumai suka ɓata suna ciniki a kasuwa, rundunarsa na ƙaruwa, kuma da fuskokin da suka sani.

Haka na yi wa ƙungiyata a bara. Akwai wani mai jakuna da ya yi musu rakiya zama uku, mai yawan surutu, kullum yana ƙorafin kuɗin da suka biya shi. Suka bar shi a bakin kogo da dabbobi suka shiga, suka sha wuya, suka yanke shawarar yin dogon hutu a wani ɗaki da suka toshe da duwatsu, suka ƙara da yini guda suna binciken wasu ramuka. Da suka fito ba jakuna, ba mai jakuna. A dare na biyu, a ƙofar babban ɗakin, sahun gaba na masu gadi akwai wani da hularsa ta saƙa da igiyar jaki har yanzu a ɗaure a wuyan hannu. Ban ce komai ba, hular kawai na bayyana. Teburin ya yi tsit. Abokina da ke riƙe da mayaƙi, mutumin da bai taɓa damuwa da labari ba sai lamba, ya ajiye ƙwayarsa ya ce, "Malam, ba ka kyauta ba." Zombi ne mai maki 22 kamar kowanne, amma sun fi minti goma suna gardamar wanda zai sare shi.

Inda mayen ke ba da kunya shi ne in ka tsayar da shi shi kaɗai a tsakar ɗaki yana jira. Jarumai huɗu na mataki na 4 za su kewaye shi su gama da shi cikin zagaye uku (zagaye shi ne kowa ya yi motsinsa sau ɗaya), bai ma zuƙi kowa ba. Ba a yi shi don haka ba. Ba shi duhu, ba shi ƙwarangwal huɗu a gaba, bar shi ya yi harbi daga baya, ya gudu in ya ga ba riba, ya dawo gobe. Daga mataki na 2 zuwa na 5 shi ne babban abokin gaba. Bayan nan sai ya koma hafsa a ƙarƙashin wani, kuma ko a can yana da amfani, domin firist ba ya iya mayar da shi toka sai a mataki na 14.

Za a ce ina gawar Masar mai naɗin likkafani, ita ma ai ma'auninta 3. Tana da kyau, rai 58, kallonta na daskarar da mutum, la'anarta na cin jiki kullum har sai an karya ta da tsafi. Amma mai gadi ce, tafiyarta ƙafa 20, wuta na cinye ta ninki biyu, kuma ba ta da dalilin barin ɗakinta. In labarinka na fasa kabari ne, ɗauke ta. In na yaƙi ne, wuce.

Mai ramuwa

Revenant sunansa a littafin, daga kalmar Faransanci mai nufin wanda ya dawo. Ya shigo wasan ta littafin Fiend Folio na 1981. Shi ba dodon da ake zubawa a ɗaki ba ne, sakamako ne. Wani aka kashe bisa zalunci, ransa ya ƙi tafiya, ya koma cikin gawa da buri ɗaya. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

A takarda ma'auninsa 5, amma wannan lambar yaudara ce ta fuska biyu. Ransa 136, kuma duk zagaye yana mayar da 10 sai in an ƙona shi da wuta ko hasken tsarki. Korar firist ba ta kama shi sam. Ga wanda ba ruwansa, naushinsa matsakaici 11 ne, abin da za a iya jurewa. Ga wanda ya rantse a kansa kuwa ana ƙara ƙwaya huɗu, ya zama 25, sau biyu a zagaye, 50. Mayaƙin mataki na 5 mai matsakaicin ƙarfin jiki ransa wajen 44 ne. Ka ga ke nan zagaye ɗaya ya isa. Yana kuma iya kafe abokin gabar da ido ya sandare. Ya san inda yake da nisan da ke tsakaninsu ko da ya tsallaka wata duniya. In an lalata jikinsa, tsugune ba ta ƙare ba: bayan awa 24 sai ya shiga wata gawar ya ci gaba da tafiya. Wa'adinsa shekara ɗaya, in ta cika ya ruguje ko ya rama ko bai rama ba.

Ƙarfinsa a labari shi ne cewa ba mugu ba ne. Yana magana, yana iya neman taimako, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya. Hanya mafi daɗi da na sani ita ce a sa wanda yake farauta ya zama mutumin da ya ɗauki jarumai aikin gadi. Attajiri ya biya su su kare shi daga wani dodo, dodon ya iso ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba shi da matsala da su, su tambayi maigidansu abin da ya faru a rijiya. Daga nan aikinka ya ƙare, kai dai ka zuba shayi ka saurari gardama.

Hanya mafi haɗari kuwa ita ce ka ɗora shi a kan ɗaya daga cikin 'yan wasa. Yana aiki in da gaske jarumin ya yi kisan da kowa a teburin ya shaida kuma ya san bai dace ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma in kai ne kawai ka ji haushin ɗan wasan, kowa zai gane, kuma abin da zai biyo baya ba wasa ba ne. Sannan ka tuna ba ya mutuwa. Zuwansa na farko abin tsoro ne, na biyu ma haka, na biyar ya zama kamar mai bin bashi. Tun kafin ka sako shi ka tanadi ƙofar fita: diyya, tona asirin wanda ya kitsa kisan, ko cikar shekara. Ga sabon jagora kamar ƙanena ban ba da shawararsa ba, sai hannu ya faɗa.

Barden mutuwa

Wannan shi ne wanda kowa ke buɗe littafi ya tsaya a kansa, Death Knight. Charles Stross, ɗan Birtaniya da daga baya ya yi suna a rubutun ƙagaggun labaran kimiyya, shi ya ƙirƙiro shi, kuma shi ma a littafin 1981 ɗin ya fito. Barde ne da ya yi rantsuwar tsare gaskiya, ya karya ta, ya mutu bai tuba ba. Mafi shahara a cikinsu Lord Soth ne na Dragonlance, ɗaya daga cikin duniyoyin wasan, wanda aka ba damar hana bala'in da ya afka wa duniyarsa, kishi da zargin matarsa suka juyo da shi daga hanya.

Ma'auni 17, rai 180, kariya 20. Sara uku a zagaye, kowanne matsakaici 27. Tsafi ba ya kama shi da sauƙi, shi kuma yana da nasa, har da na korar mutum zuwa wata duniya. Sau ɗaya a yini yana jefa ƙwallon wutar jahannama daga nisan ƙafa 120, ƙwaya ashirin, matsakaici 70. Matsafin mataki na 10 ransa bai fi sittin da 'yan kai ba. Wato ƙungiyar da ba ta kai ba, kafin ta zare takobi rabinta na ƙasa. Matattun da ke kusa da shi kuma korar firist ba ta cika kama su ba, domin shi janar ne.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: a bugun 2014, duk da wannan kwarjini, in ya tsaya shi kaɗai gaban jarumai biyar da suka kai matakinsa, ba ya daɗewa. Sau ɗaya yake motsi a zagaye, su sau biyar, kuma ba a ba shi ƙarin motsin da ake ba manyan dodanni irin su tsofaffin macizai masu fiffike ba. Tafiyarsa ta mutum ce, mai tashi sama da baka zai wahalar da shi. Don haka ƙasa da matakinsa kisa ne, a matakinsa kuma in ba runduna abin tausayi ne. Tazarar da yake daɗin faɗa a cikinta ƙarama ce. Ni kuma cikin duk wasannin da na ja, ɗaya ne kacal ya wuce mataki na 10. Aure da canjin wurin aiki da karatu sun cinye sauran.

Amfaninsa na gaskiya, a wurina, ba a faɗa yake ba. Littafin ya ce ko an hallaka shi zai sake tashi har sai ya yi kaffarar laifinsa. Wannan ya mayar da shi tambaya: me ya yi, wa ya ci amana, me zai sa ya huta? Ana iya nuna shi tun mataki na 3, a kan doki daga nesa, ko ya tare hanya ya yi magana cikin ladabi irin na manya ya ba su kwana uku su bar ƙasarsa. Sai dai in za ka yi haka, ka yi musu hannunka mai sanda da kyau. Akwai ɗan wasan da ko dutse ka nuna masa sai ya kai masa sara, kuma kowane tebur na da irinsa.

Masu wasan Pathfinder na kamfanin Paizo, wani wasa irin wannan, suna da ɗan'uwansa, Graveknight, da dabarar da ta cancanci aro: ransa a cikin sulkensa yake. Ka kashe shi, sulken ya sake gina jikinsa cikin 'yan kwanaki, wanda kuma ya kwaɗaitu ya saka sulken, a hankali shi zai koma barden. Duk wanda ya san 'yan wasa da son ganima ya san inda wannan zai kai. Ba abin da zai hana ka ɗora wannan doka a kan mayen kushewa mai ma'auni 3, ka samu rabin daɗin barden mutuwa ba tare da ka jira shekara biyu ba.

Akwai kuma maganar aljihu. Ƙwarangwal da zombi da mayen kushewa da gawar Masar duk suna cikin ƙa'idojin da kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan, ya saki kyauta a intanet, waɗanda ya buɗe wa kowa a 2023. Mai ramuwa da barden mutuwa ba sa cikin wannan kundin, sai ka nemi littafin. Ga wanda ke wasa da waya ɗaya da takardar makaranta, wannan kaɗai ya isa ya raba gardama.

Abin da muka tsayar da ƙanena, jarumansa huɗu na mataki na 2, shi ne wannan. Zama na farko ƙwarangwal shida a farfajiyar sansanin, huɗu da baka a kan ganuwa, kuma ya ajiye tsohuwar guduma a inda za a yi tuntuɓe da ita. Zama na biyu ba faɗa sosai, sai sawun wani da ke fita da dare yana komawa kafin asuba, da labarin makiyaya biyu da suka ɓace a ƙauyen da ke kusa. Zama na uku, bayan sun hau mataki na 3, mayen kushewa da kansa, da makiyayan a gabansa. Ya so ƙwarai ya sa barden mutuwa, har ya zana masa kwalkwali. Na ce ya rubuta sunansa a jikin hatimin wasiƙar da za su samu a ƙirjin mayen, ya bar shi a nan.

Jiya ya sake turo saƙo. Sun yi zama na farko, ba wanda ya kula da gudumar, mai takobi ya sha kibiya uku, kuma ɗayansu ya nace sai ya tafi da kan ƙwarangwal ɗaya a jakarsa don ya ji an ce suna fahimtar magana. Yana tambayata ko kan zai iya amsawa da kaɗa haƙora. Na ce masa littafin bai hana ba.